Awon Man Giya Bayan An Ɗaura Sabuwar Giya Otomatik

Idan bakanike ya gama ɗaura giya otomatik a mota, ya ɗaure noti na ƙarshe, ya mayar da wayoyi da tiyo kowanne a mazauninsa, aikin da ya rage masa shi ne wanda kowa ke ɗauka mai sauƙi, wato zuba mai da duba ko ya kai inda ake so. A daidai wannan wuri ne giyar da aka kashe maƙudan kuɗi a kanta take iya fara mutuwa tun ba ta bar gareji ba, domin awon da geji ke nunawa a ranar da aka ɗaura giya ya sha bamban da awon da yake nunawa a motar da ta yi shekara tana yawo. Mai motar da ya saba zaro gejin man inji da safe, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya ga inda mai ya tsaya, yana iya zaton haka abin yake a giya. Man inji yana kwance a kaskonsa idan an kashe mota, shi ya sa awonsa ba ya da wahala. Man giya otomatik kuwa yana rarrabe ne a wurare da dama, kuma abin da ake gani a geji ragowar da ta saura a kasko ce bayan sauran wuraren sun ɗebi rabonsu.

Sai an san aikin da wannan mai yake yi kafin a gane dalilin da rabin lita ke da muhimmanci. A giya ta hannu, wadda direba ke taka kuloci ya sauya da kansa, aikin mai shi ne rage gogayya tsakanin haƙoran ƙarfe, kuma ko ya ragu kaɗan giyar za ta jure na wani lokaci. A giya otomatik mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin kwanbata, wato wancan ƙarfe mai kama da ƙatuwar ƙwarya biyu da aka kife aka haɗe, wanda ke zaune tsakanin inji da giya. Mai ne kuma famfo ke turawa da ƙarfi ta cikin siraran hanyoyin gidan bawul don ya matse faya-fayan kuloci, waɗanda kanikawa ke kira faiba, su kama giya ta ɗaya ko ta biyu ko ribas. Shi ne ke kwashe zafin da duk wannan aiki ke haifarwa ya kai shi kular mai da ke jikin lagireto ya huce, sannan ya dawo ya shafe ƙarafa. Tun daga Hydra-Matic da kamfanin General Motors ya fara sa wa motocin Oldsmobile na 1940, tsarin bai sauya daga wannan tushe ba, duk da cewa yanzu kwamfuta ce ke ba da umarnin lokacin da za a buɗe kowace hanya.

Idan mai ya gaza, bakin filta da famfo ke zuƙa ta cikinsa yakan fito sarari, musamman a kwana ko a hawa ko lokacin taka birki, sai famfo ya haɗiyi iska tare da mai. Iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa, saboda haka ƙarfin da ya kamata ya danne faiba sai ya ragu, faya-fayan su riƙa sulɓi a kan juna maimakon su kama. Sulɓi yana haifar da zafi, zafi yana ƙona fuskar faiba, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa ko da an cika mai daga baya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa mai idan ya yi yawa ma hanyar ɓarnar ɗaya ce. Idan ya hau har ya taɓa ƙarafan da ke juyawa, sukan kaɗa shi kamar yadda maburgi ke kaɗa miya, ya yi kumfa, famfo ya zuƙi kumfar, ƙarfi ya faɗi kamar dai mai ya gaza. Bugu da ƙari kumfa tana ƙara masa yawa har ya yi ambaliya ta ƙofar shan iska da ke saman giya ko ta bakin bututun geji, kuma idan ya zuba a kan salansa mai zafi yana iya kamawa da wuta. Wannan ne ya sa ba a iya gane matsalar daga yadda mota ke tafiya kaɗai, domin jinkirin shiga giya da sulɓi da kukan famfo duk suna zuwa ko mai ya gaza ko ya yi yawa. Bakaniken da ya ji mota tana sulɓi ya ce a ƙara lita ɗaya ba tare da ya auna ba, canke ya yi, kuma yana iya ƙara wa Barno dawaki.

Kalmar sabuwar giya ma tana buƙatar a tsaya a kanta, saboda abubuwa uku ake kira da wannan suna, kuma kowanne da yawan man da zai sha. Akwai sabuwa fil daga kamfani, akwai tsohuwa da aka kwance aka sauya mata faiba da sil aka sake haɗawa, akwai kuma wadda aka ciro daga wata motar a ƙasar waje, wadda ake kira 'yar Beljiyam ko tokumbo, kuma ita ce aka fi samu a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Wadda aka kwance aka sake haɗawa takan zo a bushe, babu mai a kwanbata, babu a gidan bawul, babu a bayan fistocin kuloci. 'Yar Beljiyam kuwa takan zo da ragowar tsohon mai a cikin kwanbata, wanda babu mai iya cewa lita nawa ne ko wane iri ne, domin wani ya tsiyaye a hanya, wani ya zube lokacin da aka kwantar da ita a shago. Saboda haka adadin da littafin mota ya rubuta ba zai zama hukunci na ƙarshe ba. Littafin kansa yakan ba da adadi fiye da ɗaya, na giyar da take a bushe daban, na wadda aka tsiyaye ta noti kawai daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Giyar AL4 da ke cikin Peugeot 406, motar da a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, tana cin kimanin lita 6 idan a bushe take, amma idan aka kwance noti aka tsiyaye, kusan rabin wannan ne kawai ke fita. Wanda ya zuba adadin busasshiya a giyar da kwanbatarta ke da mai ya cika ta fiye da kima, wanda kuma ya zuba adadin tsiyaya a busasshiya ya bar ta da yunwar lita biyu ko uku.

Aikin awo na gaskiya yana farawa ne kafin giyar ta hau mota. Ana zuba kimanin lita ɗaya ta sabon mai a cikin kwanbata, a juya ta a hankali ya shiga, sannan a zura ta a bakin giya har ta zauna sosai a kan famfo, domin kada ta fara juyawa a bushe a sakannin farko da za a tayar da inji. Haka nan ana wanke kular mai da bututunta biyu, na zuwa da na dawowa, kuma wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa saboda ba ya cikin abin da mai mota ke gani. Giyar da ta mutu ba ta mutu a ɓoye ba, ta watsa garin ƙarfe da ɓarɓashin faiba a duk inda mai ke bi, kuma kula ce matattararsu. Idan aka haɗa sabuwar giya da kular da ba a wanke ba, wannan datti zai dawo cikin gidan bawul a zagayen farko. Idan kuma tsohon man da aka tsiyaye ya fito da launin madara mai ja-ja, alama ce cewa kular da ke cikin lagireto ta huje, ruwa yana haɗuwa da mai, kuma a nan wanki ba ya isa, sai an sauya lagireton gaba ɗaya, saboda ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfensa.

Bayan an ɗaura, ana zuba kashi na farko ta mazurari mai tsabta kafin a tayar da inji, gwargwadon abin da kasko zai ɗauka. A wannan lokaci geji zai nuna mai ya cika har ya wuce, kuma wannan ce yaudara ta farko. Da zarar an tayar da inji, famfo zai kwashe abin da ke kasko ya tura shi kwanbata da kula da hanyoyin bawul, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya kaskon da ya cika zai iya komawa kusan fanko. Saboda haka dole mai ya kasance a hannu, a buɗe, a ci gaba da zubawa inji yana silo, ba tare da an taka totur ba. Sai direba ya ja hambirki, ya danne birki da ƙafa, ya bi da sandar giya ta kowane matsayi, daga P zuwa R zuwa N zuwa D har zuwa ƙananan lambobi, yana tsayawa sakan uku zuwa biyar a kowanne, sannan ya dawo P. Dalilin wannan shi ne kowane matsayi yana da hanyoyinsa da kulocinsa da ba sa samun mai sai an zaɓe shi. Kowane zagaye yana rage abin da ke kasko, ana kuma sake dubawa a ƙara, har sai awon ya daina sauka ya tsaya a alamar sanyi, wadda a gejin Toyota aka rubuta COOL a kanta. Wannan alamar ba ta nufin an gama. Amfaninta kawai ta tabbatar cewa akwai man da zai isa a fita da mota a ɗumama ta ba tare da an yi ɓarna ba.

Daga nan sai batun zafi, wanda shi ne ginshiƙin dukkan lissafin. Man giya yana kumbura idan ya yi zafi, da kimanin kashi 0.07 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salsiyos. Adadin yana kama da ƙarami, amma a ɗauki giya mai cin lita 8 wadda manta ya tashi daga digiri 30 zuwa 80, ƙarin zai kai kusan mililita 280. Kwanbata da kula da bututu a cike suke, ba su da wurin ajiye ƙari, saboda haka duk wannan kumburi a kasko yake bayyana. A yawancin geji tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama ba ta wuce kimanin rabin lita ba, ke nan zafi kaɗai yana iya motsa awo da fiye da rabin wannan tazara ba tare da an ƙara ko an rage ɗigo ɗaya ba. Wanda ya cika mai har alamar zafi, wato HOT, alhali giya tana da sanyi, ya cika fiye da kima, kuma ba zai sani ba sai mota ta hau babban titi. Toyota ta ƙayyade digiri 70 zuwa 80 a matsayin zafin da ake karanta alamar HOT a giyoyinta masu geji, irin na Corolla da Camry na farkon shekarun 2000. Barin mota tana silo a gareji ba ya kai mai wannan zafi da wuri, ko da allurar zafin inji ta hau tsakiya, domin ruwan inji yana riga man giya ɗumama. Sai an yi tafiyar kilomita 15 zuwa 25 a hankali, giya ta shiga kowace lamba har ta ƙarshe. Haka kuma idan an dawo daga doguwar tafiya da gudu, ko an daɗe a cunkoso da rana tsaka, mai ya wuce zafin awo, sai a ba shi kamar rabin awa ya sauko.

Wannan tafiya ta farko tana da wani amfani ban da ɗumama mai. Manyan lambobin giya ba sa shiga idan mota tana tsaye, saboda haka hanyoyinsu ba sa cika sai an yi gudu. A wasu motoci kuma akwai bawul mai aiki da zafi a kan hanyar kula, wanda ke hana mai zuwa can har sai ya ɗumama, ke nan kular tana iya zama fanko duk tsawon lokacin da ake zuba mai a gareji, sai a kan hanya ta buɗe ta sha nata. Iskar da ta maƙale a lunguna ma a lokacin take fita. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a dawo daga gwaji a tarar awo ya sauka, kuma ba lallai yoyo ne ba, ko da yake dole a leƙa ƙasa a duba bakin tiyo da sil ɗin shaf da wurin da giya ta haɗu da inji kafin a yanke hukunci.

Karanta gejin kansa yana da ƙa'ida. Mota ta tsaya a wuri mai daidai, domin kaskon giya faffaɗa ne marar zurfi, kuma ɗan karkata kaɗan yana tura mai gefe guda. Garejin da ƙasarsa ta yi tudu da kwari, ko motar da aka ɗaga gabanta da jak aka bar bayanta a ƙasa, ba za su ba da awo na gaskiya ba. Inji yana aiki a silo, sandar giya tana P a yawancin motoci, ko da yake wasu tsofaffin giyoyin Chrysler da na Mitsubishi a N ake auna su. A goge geji da ƙyalle marar zare, a mayar da shi har ya zauna, a zaro a duba fuska biyu. Idan fuskokin suka saɓa, wadda ta nuna ƙasa ita ce gaskiya, domin ɗayar ta shafo man da ke jikin bututu ne. Wannan shafa ta fi yawa nan da nan bayan an zuba mai ta bututun, saboda haka a dakata minti biyu ko uku ya gangara kafin a sake aunawa. Sabon mai garau yake, da wuya a ga iyakarsa a kan ƙarfe mai sheƙi, sai an karkata gejin ga haske. Idan awo ya kusa, ƙari ya zama kaɗan-kaɗan, mililita 200 a lokaci guda, saboda zubawa ta fi cirewa sauƙi. Idan an ga ƙananan kumfa a jikin geji, awon ba abin dogaro ba ne, a kashe mota a bar iskar ta fita sannan a sake.

Honda ta fita daban a wannan babi, kuma da yake Accord da Civic sun cika titunanmu, ya kamata a faɗa. Tsofaffin giyoyinta na otomatik masu geji an gina su ne a kan shafuka masu haƙora kamar giyar hannu, kuma kamfanin ya ce a ɗumama mota, a kashe inji, sannan a auna tsakanin sakan 60 zuwa 90 bayan kashewa. Wanda ya auna Honda inji yana aiki, ko ya auna Toyota inji a kashe, duk sun karanta lambar da ba ta da ma'ana. A Toyota idan an kashe inji wani ɓangare na man kwanbata yana gangarowa kasko, geji ya nuna ya yi yawa, kuma akwai wanda zai ga haka ya tsiyaye lita guda daga giyar da dama ba ta ƙoshi ba.

Akwai wani tarko da ya keɓanta ga giyar Beljiyam. Sau da yawa takan zo babu geji, ko bututun gejin ya lanƙwashe a hanya, sai a ciro na tsohuwar giya a sa. Idan giyoyin biyu iri ɗaya ne daidai, babu laifi. Amma giya mai suna ɗaya tana iya zuwa da bututu mai tsawo daban ko kasko mai zurfi daban gwargwadon motar da aka ƙera ta dominta, kuma geji da bututunsa abokan juna ne, ba a raba su. Bambancin santimita ɗaya a tsawo ya isa ya mayar da cikakkiyar giya mai yunwa a idon mai dubawa. Haka nan a wasu tsofaffin Toyota masu jan gaba, irin Camry ta shekarun 1990 mai giyar A140E, ɗakin da shafukan taya ke shiga yana da mansa daban da notin cikawarsa daban, geji ba ya ganinsa sam. Ana iya cika giya daidai a bar wannan ɗaki a bushe, sai kuka ya tashi bayan 'yan kwanaki.

Motocin da suka biyo baya sun zo da wani tsari, inda aka cire geji gaba ɗaya. Camry mai silinda shida ta 2007 da giyarta U660E, da giyoyin kamfanin ZF masu lamba shida da takwas da ke cikin BMW da Range Rover, da 7G-Tronic ta Mercedes, da AL4 da aka ambata, duk ba su da abin zarowa. Wasu sukan fassara wannan da cewa ba a duba man ko ba a sauya shi har abada, alhali awon yana nan, an dai mayar da shi ƙarƙashin mota. A wasu akwai rami a gefe wanda bakinsa shi ne iyakar mai, a wasu kuma akwai ɗan bututu a tsaye a cikin kasko wanda tsawonsa shi ne awo. Ana ɗaga mota duka a daidaice ko a tsayar da ita a kan rami, a tura mai da famfon hannu, a tayar da inji, a zagaya da sandar giya, sannan a kwance notin awo inji yana aiki. Idan babu abin da ya fito, mai bai kai ba, a ƙara. Idan ya fito da ƙarfi, a bar shi ya zuba har ya koma siririn zare ko ɗigo, sannan a ɗaure. Dole a ɗaure notin kafin a kashe inji, in ba haka ba man da ke sama zai gangaro ya kwarara ta ramin. A Toyota da AL4 notin awo da bututun tsiyaya a rami ɗaya suke, ɗaya a cikin ɗaya, kuma wanda ya wuce notin ya kwance bututun ya zubar da man kasko duka.

Tun da babu alamar sanyi da ta zafi a wannan tsari, rami ɗaya ne kawai, kamfani yakan ƙayyade zafi guda da awon ke zama daidai a cikinsa. ZF ta ce tsakanin digiri 30 zuwa 50, 7G-Tronic a digiri 45, AL4 a wajen digiri 60, giyoyin Toyota masu jan gaba irin U660E kuwa a wajen digiri 40 zuwa 45. Idan aka buɗe noti mai ya fi haka zafi, ya riga ya kumbura, zai zubar da abin da bai kamata ya fita ba, giya ta tashi da gibi. Idan aka buɗe da sanyi, za a bar ƙari a ciki. Hanyar sanin zafin ita ce kwamfutar duba mota da ake haɗawa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ke karanta na'urar auna zafi da ke cikin giyar kanta. Toyota ta tanadi wata dabara ta haɗa ramuka biyu na wannan soket da waya, inda fitilar D a dashbod ke kamawa idan mai ya kai zafin awo, ta riƙa ƙiftawa idan ya wuce, amma dole a bi littafi wajen zaɓen ramukan. Na'urar auna zafi da ake haskawa a jikin kasko tana taimakawa in babu komai, sai dai takan nuna ƙasa da zafin man da ke ciki. Taɓa kasko da tafin hannu ba awo ba ne.

A nan yanayin ƙasarmu yana shiga lissafi kai tsaye. A watan Afrilu zafin iska a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder yana haura digiri 40 da rana, ke nan motar da ta wuni a filin gareji manta ya riga ya kai zafin awo tun ba a tayar da ita ba, kuma mintuna kaɗan na silo za su wuce da shi. Wanda ke son ya auna irin wannan giya daidai a bazara, sai ya bar motar ta kwana ta huce, ya yi aikin da sassafe, da mai da kayan aiki duk a shirye, domin tazarar digiri biyar ba ta jiran a je kasuwa a dawo. A lokacin hunturu abin ya fi sauƙi, har sai an jira mai ya hau. A ganina bakaniken da ya ce wa mai mota ya dawo gobe da safe don awon ƙarshe ya fi cancanta a amince masa fiye da wanda ya miƙa makulli da la'asar yana cewa komai ya yi daidai.

Mercedes masu giyar 722.6, mai lamba biyar, suna tsakanin tsarin biyu. Bututun geji yana nan a ƙarƙashin bonet amma an toshe shi da murfi, gejin kuma kayan aikin gareji ne da ake sayowa daban, yana da alamar digiri 25 da ta digiri 80, ba a kuma barin sa a ciki bayan an auna.

Awo ba ya da amfani idan man da aka zuba ba nasa ba ne, kuma launin ja ba shaida ba ce, rini ne kawai ake sa wa mai don a bambanta shi da na inji idan ya zuba a ƙasa. Dexron, wanda General Motors ta fito da shi a 1967, ya daɗe yana zama man kowa da kowa, har mutane suka saba cewa duk jan mai ɗaya ne. Yanzu kowane kamfani yana daidaita santsin mai da irin faiban da ya sa. Toyota tana da T-IV na tsofaffi da WS na waɗanda suka biyo baya, wanda ya fi ruwa-ruwa, Honda tana da Z1 da DW-1 da ya gaje shi, AL4 tana shan LT 71141, giyoyin CVT na Nissan masu bel ɗin ƙarfe kuma suna da NS-2 da NS-3 waɗanda ba sa musanya da man otomatik na yau da kullum ko kaɗan. Abin lura ga mai ɗaura 'yar Beljiyam shi ne man da za a bi na giyar ne, wanda a wasu lokuta ake samun sunansa a rubuce a kan geji ko a jikin notin cikawa. Da yake kwanbata ta zo da tsohon man da ba a san asalinsa ba, yana da kyau bayan 'yan ɗaruruwan kilomita a tsiyaye a sake zubawa, a kuma sake awon daga farko da duk sharuɗɗansa.

Akwai kuma abin da ke rikitar da mutane har su ɗora wa mai laifin da ba nasa ba. Kwamfutar da ke sarrafa giya tana koyon halin giyar da take tare da ita, tana ƙara ƙarfin matsi a hankali yayin da faiba ke cinyewa. Idan aka ɗaura wata giyar aka bar wannan tsohon karatu, sauyin lamba yana iya zuwa da fizga ko jinkiri ko da mai yana daidai. Maganinsa a goge karatun da kwamfutar duba mota, a yi tafiyar da za ta sake koyo, kuma a AL4 akwai ma'aunin tsufan mai a cikin kwamfutar da shi ma ake mayarwa farko idan an zuba sabo duka. Idan an tabbatar da awo a zafin da ya dace, a wuri mai daidai, da gejin da ya dace, kuma fizgar ba ta daina ba, a nemi dalilin a wajen kwamfuta ko wayoyi ko saitin sandar giya, kada a ƙara mai. Bayan awon sanyi da na zafi, awo na uku yana zuwa ne bayan kwana biyu ko uku ana hawa, lokacin da ragowar iska ta gama fita, tiyo da gaskit suka zauna. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, a duba da safe ko akwai jan ɗigo, sannan a ɗumama ta a sake aunawa, kuma a shinshina man da ke jikin geji, domin ƙaurin ƙuna a cikin man da bai yi mako ba yana nufin faiba ta riga ta yi sulɓi, kuma gara a mayar da motar ga wanda ya sayar da giyar tun kwanakin garantin da ya bayar ba su ƙare ba.